Albarushin da Ba Ya Hayaƙi

Mutumin farko da ya yi mini Hausa a Makka shi ne ya karɓe mini fasfo. Sunansa Sale. Iyayensa sun biyo ta Cadi da Sudan tun yana goye, ya girma a lungunan unguwar Tandabawi, babu ƙofar da bai san mai ita ba. Ya tare ni da fara'a, ya ɗauki jakata, ya ce, "Ɗan'uwa, kawo takardunka in ajiye maka. Nan garin in aka kama ka da fasfon umara wanda ya ƙare, sai jirgi." Na miƙa masa. Shekarata arba'in da shida a lokacin, da furfura a gemuna, amma na miƙa masa kamar an ba akuya dusa.

Ni maƙeri ne, daga wani ƙauye a ƙasar Ningi. Bindigar maharba nake ƙerawa, ita ubana ya ƙera, ita kakana ya ƙera. Da aka hana sana'ar a yankinmu saboda masu satar mutane, sai na koma gyaran fartanya da lauje, abin da ba ya ciyar da gida mai baki tara. Aji huɗu na yi a firamare. Ina haɗa baƙi, ina rubuta abin da ke raina, kamar yadda kuke gani. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya dame ni.

A Tandabawi mu tara ne a ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, ita ma tana juyi tana kuka. Sale ya haɗa ni da turin keken tsofaffi daga masauki zuwa bakin Harami. Aiki ne na gudu: ka tura, ka waiga, ka ga mai kaki, ka saki keken ka shige cikin jama'a. Wata bakwai ina wannan. Ban taɓa barci na saki jiki ba, don na lura duk wanda ya yi wa Sale gardama a ɗakin nan, ba a mako biyu sai an zo an ɗauke shi. Ban ce shi ke kai rahoto ba. Na ce na lura.

Daga nan sai unguwar Rusaifa. Wani mai suna Bakur ne ya ɗauke ni, mai warshar walda, wato shagon ƙera ƙofofi da tagogi. Ɗan ƙasa ne, da katinsa da komai, amma kakansa Bakatsine ne da ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabi Larabci. Ya ga yadda na riƙe guduma sau ɗaya, ya ce, "Halas, ya Harun. Kai mu'allim ne. Ka kwana a bayan warsha, kada ka leƙa titi, babu mai tambayar ka igama." Igama ita ce takardar zama, wadda ban da ita. Abin da nake da shi a duniya ke nan: katifa a bayan tulin ƙarafa, da ƙofar da ake rufewa a kaina. In na rasa wannan, na rasa Makka.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, na ga alheri a gidan. Uwar Bakur, wata tsohuwa da ke zaune a Utaibiyya, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma duk Juma'a sai ta aiko mini tuwo da miyar kuka a kwanon silba. Ranar farko da na buɗe kwanon, na zauna a kan buhun siminti ina ci ina share ido, ina cewa hayaƙin walda ne. Ko ita sai da na yi kwana uku ina tunanin me take nema a wurina. Ba ta neman komai. Haka zaman ya mai da ni.

Wata rana wani dattijo daga ƙauyukan kan dutse, ta hanyar Ɗa'ifa, ya shigo da abu naɗe a bargo. Abu Majid ake ce masa. Ya warware, sai ga bindiga doguwa, tsohuwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Na tsura mata ido. Kamar na ga ɗan garinmu ne. Ƙarfen da ke ɗana kunamarta ya karye. Bakur ya ce ba aikinsa ba ne. Ni kuwa na karɓa, kafin azahar na ƙera mata sabo.

A nan na san abin da suke kira ta'ashir. Al'adar mutanen dutsen ce a biki. Ba a sa harsashi, albarushi kawai. Mutum ya fito fili ana kiɗa, ya juya bindigar bakinta na kallon ƙasa, daidai tsakanin ƙafafunsa, ya daka tsalle, yana sama ya danna. Wuta ta bugi ƙasa, hayaƙi ya tashi ya lulluɓe shi, ya diro ana shewa. Da na fara gani na ce mutanen nan ba su da hankali. Daga baya na ga babu bambanci da 'yan bindigarmu na gida, sai dai mu sama muke harbawa, su ƙasa.

Abu Majid ya riƙe ni. Duk bikin da za a yi a danginsa, sai Bakur ya sa ni a bayan mota, cikin tukwane da darduma, mu hau dutse. A cikin haddin Harami ba a wannan wasa, sai an fita. Aikina in duba bindigogi, in wanke su, in ɗura, in miƙa. Shekara biyu babu wanda ko gashin ƙafarsa ya babbake a hannuna. Dattijon har yana ce wa Bakur zai nemo mini hanyar takarda. Ban yarda ba, amma na ji daɗin jin ta.

Sale ya ji labari. Ban san wa ya gaya masa ba. Sai ga shi a warsha da sabon takalmi. "Sarkin Maƙera! An samu Larabawa an manta da mu." Kafin wata ya zagayo ya zama shi ke kawo albarushi, wai yana da mutum. Na gaya wa Bakur ban so. Ya ce, "Ya Harun, kai ko inuwarka ba ka yarda da ita ba." Sau uku Sale ya kawo, sau uku kayan na da kyau. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Sai bikin Majid, ɗan dattijon na fari. Ma'aikacin ofis ne a Jidda, mai taushin hannu, kullum waya a kunne. An kafa rumfuna a wani fili bayan gari, an yanka raguna, tukwane na tafasa a gefe. Bayan la'asar za a fara, ango ne zai yi tsallen farko. Ina zaune a kan darduma da bindigogi shida a gabana, na wanke su na shanya, sai Sale ya ajiye mini gwangwani.

Ba irin wanda ya saba kawowa ba ne. Baƙar roba ce mai murfi, da rubutun Turanci, da hoton ƙaramar bindiga, fistol, a jiki. Na buɗe. Na zuba kaɗan a tafin hannu.

Albarushin da na sani baƙi ne, yana ɓata hannu kamar gawayi, in ka ɗora a harshe ka ji gishiri-gishiri da ɗaci. Wannan ƙanana ne, fale-fale, kamar irin alayyafo da aka danne, suna sheƙi, launin toka. Na murza, hannuna fes. Na shinshina, sai wani wari kamar na fenti.

Na ce, "Sale, mene ne wannan?"

"Na zamani ne. Mara hayaƙi."

"Daga ina?"

"Wurin wani mai cika harsashin fistol da kansa. Shi ma zaɓa yake yi, ba kowanne yake saye ba. Ya ce wannan ya fi kowanne kyau."

"Ya fi kyau a fistol. Ka ga fistol a nan?"

"Albarushi albarushi ne, Malam Haruna. Kada ka kawo mana ƙauyanci."

Ashe angon ne ya nema. Wai ba ya son farar rigarsa ta yi baƙi, ba ya son ya shiga wurin amarya yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsohon albarushi kuwa ko cokali ba a kawo ba.

Ni na san abin nan, ba a littafi ba. Yayana Garba maharbi ne. Wata shekara ya samu harsasan bindigar Bature, ya farke su, ya juye garin cikinsu a bindigar da ubanmu ya ƙera masa, don ya ji an ce ya fi ƙarfi. Ina tsaye kamar daga nan zuwa bakin ƙofa. Gindin bututun ya tsage kamar an ɓare rake. Yatsu uku muka tsinta a cikin ciyawa, na huɗun ba mu gan shi ba. Shi sama ya nufa da ita. Ango kuwa tsakanin cinyoyinsa zai riƙe.

Na kira Bakur, don Larabcina na cefane ne, ba na gardama ba. Na ce, "Gaya wa dattijo, wannan garin an yi shi ne don ƙarfen masana'anta, mai kauri, wanda aka auna. Kowace ƙaramar bindiga ma da irin nata da awonta, su kansu masu cikawa a littafi suke dubawa. Waɗannan bindigogin tun na kakanni ne. In an ɗura shi, ba ta baki zai fita ba, ta gefe zai fita."

Na yi magana mai tsawo haka, Bakur ya juya ya faɗi kalma uku ko huɗu. Har yau ban san me ya ce ba. Dattijon ya dube ni, ya dubi Sale. Sale ya buɗe baki da Larabci kamar famfo, yana dariya, yana nuna ni. Na tsinci kalma ɗaya da na sani: takaruni, sunan da suke kiran baƙar fata irinmu da shi. Mutanen rumfa suka yi dariya.

Abu Majid ba wawa ba ne. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce a gwada yadda iyayensu ke gwadawa. Aka share kan wani faffaɗan dutse, aka zuba kaɗan, aka kawo garwashi daga murhun gahawa. Haka ake gane albarushi mai kyau a wurinsu, haka ma a wurinmu: in ka taɓa masa wuta ya yi fuf! lokaci guda, ya bar ka da hayaƙi, to mai rai ne. In ya tsaya yana ci a hankali, ya sha sanyi, ya mutu.

Aka taɓa. Garin Sale ya kama a natse, yana ci da 'yar wuta ruwan lemo, kamar an kunna tsumma. Sai da na ƙirga kusan huɗu kafin ya cinye.

Wuri ya kaure da dariya. Wani tsoho mai jan gemu ya tafa hannu yana cewa da'if, da'if, wato rarrauna. Bakur ya dafa kafaɗata, har da ajiyar zuciya. "Ka gani? Ba shi da ƙarfi ma. Sun ce ka ninka awon, don ya yi ƙara."

Wannan ne mugun halin garin nan. A fili rago ne. Sai an toshe shi a rami, an danne, sannan yake nuna ko shi wane ne. Gwajin kakanninsu gaskiya ne, amma a kan albarushin kakanninsu. Yau gwajin ya yi musu ƙarya, kuma da idonsu suka gani, wa zai ce musu ba haka ba? Baƙo mara takarda, mai Larabcin sayen burodi?

Na ce, "Bakur, ka ce musu a ɗaure ɗaya a jikin itace, a ja da igiya daga nesa."

Ya faɗa, ko dai ya ce ya faɗa. Dattijon ya girgiza kai. Kowace bindiga a nan gadon gida ce, da sunan mai ita. Ba a ɗaure ta a itace kamar jaka. Kuma baƙi sun cika, masu ganga sun fara.

Bakur ya sunkuyo. "Sa rabi, ya ahi, ɗan'uwana. Rabi kawai. A wuce wurin."

"Rabin me? Ba ni da awonsa. Babu mai awonsa a irin wannan bindiga."

Sai Sale ya tsuguna kusa da ni kamar zai taya ni aiki. Murya ƙasa-ƙasa, yana murmushi don masu kallo. "Haruna, na riga na gaya wa ango kayan nan sun fi na kowa. Kada ka kunyata ni. Fasfonka na wurina. Lamba ɗaya zan danna."

"In ta fashe fa?"

"In ta fashe, wa ya ɗura?"

Ka ji mutum. In na ɗura ta fashe, ni ne. In na ƙi, ni ne. Na duba fili, ga ango ya fito, fari fat, an ɗaura masa ɗamarar fata, abokansa sun ɗaga wayoyi. Takalmi ma bai sa ba, don haka ake yi, ƙafa tsirara. Na tsaya ina kallon ƙafafun nan. Farare, masu tsabta, ko kaushi babu. Ba na son yaron. Bai taɓa amsa mini sallama ba. Na tuna katifata, na tuna 'ya'yana da ke jiran abin da nake aikawa. Wallahi sai da hannuna ya kai kan ƙarfen dannawa. Na ce a raina wataƙila ta ɗauka. Bindiga takan ɗauki na farko, wani lokaci har na biyu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fara tunanin zuba wa garin ruwa, sai na tuna zafin dutsen nan: Sale zai baza shi a rana, kafin magariba ya bushe, wani ya ɗura. Kitse kuwa ba ya bushewa. Na rungumi gwangwanin, na nufi wurin masu girki. Akwai wata babbar tukunya da aka tsame naman rago, romo na nan da kitse yana yawo a kai, an sauke ta daga wuta. Na ɗebi cikin ludayi uku na zuba a gwangwanin, na sa sanda na dama, kamar mai dama fura.

Wani Bayamane mai girki ya saki baki yana kallona.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Angon ne ya fara isowa. Ya shaƙe wuyan rigata yana ihu, yawunsa a fuskata. Wani ya buge ni da kan bindiga a kafaɗa. Sale na gefe yana ta salati da ƙarfi, don a ji. Bakur ya shige tsakani yana ba da haƙuri, amma ban ji ya ce ina da gaskiya ba. Da Abu Majid ya iso aka buɗa masa. Ya leƙa gwangwanin, ya ga kitse. Ya daɗe yana kallona. Na yi zaton zai tambaye ni dalili. Sai ya nuna hanya da sandarsa, ya ce, "Imshi." Tafi.

Na gangaro da ƙafa. Ina jin ganga a bayana, babu ƙarar bindiga ko ɗaya. Daga baya na ji haka suka yi rawar, da bindigogi wayam, dangin amarya na kallo suna ƙus-ƙus. A wurinsu abin kunya ne da za a daɗe ana faɗa. Wani Bafakistane mai tankar ruwa ya tsaya ya ɗauke ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya ga ina riƙe da kafaɗa, ya ɓare lemo ya miƙo mini rabi. Ya sauke ni kafin shingen bincike, ya nuna mini ta inda zan zaga.

Kwana huɗu ina warsha, Bakur ba ya haɗa ido da ni. Rana ta biyar da hantsi motar jami'ai ta tsaya a ƙofa. Ba su duba kowa ba, ba su tambayi sauran ma'aikata ba. Sunana suka kira, har da na ubana. Mutum uku ne suka san sunan ubana a garin nan: Sale da ke riƙe da fasfona, Bakur, da Abu Majid da ya karɓi sunan don maganar takarda. Na yi wata biyu a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, ina juya sunayen nan uku kamar carbi. Yau in ce wannan ne, gobe in ce wancan. Su jami'an aikinsu suka yi, ban da takarda, ban da ta cewa. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka gaya mini kada in sake sa ran dawowa nan kusa. Ko ɗawafin bankwana ban samu ba.

Abin da ke ci mini rai ba korar ba ce. Da bindigar ta fashe a jikin itace, da yanzu ana ba da labarina a dutsen nan. Amma babu abin da ya fashe. Babu jini, babu shaida. A wurinsu har gobe ni ne baƙin da ya zuba romo a albarushin ango. A gida ma da na ba da labari, ƙanin matata cewa ya yi, "To kai ina ruwanka da ƙafar Balarabe?" Ni ma nakan yi wa kaina tambayar in na ga buhun masara ya kusa ƙarewa.

Bayan shekara ɗaya da wani abu, ina bakin maƙera ina wasa lauje, waya ta yi ƙara. Lambar waje. Bakur ne. Muka gaisa sama-sama. Ya ce tsohuwa na gaishe ni. Na ce ina amsawa. Na jira ya faɗi abin da ya sa ya kira, don na san ba gaisuwa ba ce.

Ya ce, "Ya Harun, tsakaninka da Allah. Da ka ɗura, da ta fashe?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila a na farko. Wataƙila a na biyar, a hannun wani. Wataƙila ta ɗauka."

"Wataƙila? A kan wataƙila ka yi wannan duka?"

"A kanta."

Ina jin ƙarar injin yankan ƙarfe a bayansa. Na so in tambaye shi wa ya ba da sunana. Na fasa, don ko ya faɗa ba zan yarda ba.

Ya ce, "Majid ya zo warsha jiya. An yi masa haihuwa, yana son ƙofar ƙarfe a sabon gida. Har yanzu in an ambace ka sai ya yi tsaki."

Na ce, "Da ƙafa nawa ya shigo?"

"Kamar yaya? Biyu mana."

Na ce, "To, a yi masa barka." Na kashe wayar, na koma kan laujen, mai shi na tsaye yana jira.